Wasiyyoyin Kawu Bukar

Kun dai san Kawu Bukar, ƙanen babana, mai bandar kifi a kasuwar Nguru. Ko ina kwana ka ce masa, kafin ku rabu sai ya riƙo hannun rigarka: "Idan na mutu fa..." Shekara da shekaru zancen nan yana hana shi sakat, mu ma ya hana mu.

Da farko Gashuwa ya zaɓa, kusa da kabarin mahaifinsa. Wata damina ya ja ni maƙabartar, ya soka sanda a ƙasa, ya zaro ta jiƙe sharkaf. Sai ga gumi a goshinsa.

"Modu, ni mai sayar da kifi ne, ba kifi ba! Nguru za ku kai ni."

A Ngurun ma bai huta ba. Duk jana'izar da aka yi yana sahun gaba, yana auna liman. Ran nan ya dawo a firgice.

"Wannan limamin kada ya sallace ni. Sauri yake kamar wanda ya baro tukunya a wuta!"

Sai batun sadakar uku. Wani malami ya ce masa bidi'a ce, wani ya ce a yi. Kwana biyu bai ci abincin kirki ba, sannan ya kira ni.

"Ku dafa shinkafar. Wanda ya tambaya, ku ce abincin rana ne."

Kai, Kawu!

Ajali ya same shi a Gashuwa, ya je duba yayarsa, Gwaggo Falmata. Na iso ina cewa a nemo mota, Nguru ya ce mini. Gwaggo ta tare ƙofar ɗaki, ta rantse a makon nan ya ce mata Gashuwa. Rana tana yi, gawa a kwance. Idan na saɓa masa fa?

Matarsa, Iya Hajja, ta ɗago daga kukanta.

"Ni kuma cewa ya yi duk inda ya fi kusa. Wai kada a bar shi a kwance yana jin gardamarku."

Gwaggo ta yi dariya da hawaye, ta kauce. Kafin la'asar muka rufe shi a nan Gashuwa. Da na sauka kabarin na karɓe shi, shi kuwa shiru, karo na farko ba shi da gyara.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba shi natsuwar da bai samu a duniya ba. Amin.