Wa Ya Bar Ɗan Maraƙi a Waje?

A gidanmu na Sandamu, in an yi sallar isha lokacin sanyi, Kaka Ladi takan tura karan dawa a murhu, mu jikoki mu kewaye ta muna gasa gyaɗa. Duk tatsuniyoyinta na so su, ban da guda.

Wai wani falke ne zai tafi fatauci, ya ce wa ƙaninsa, “Rana na faɗuwa ka rufe shinge, kada ka buɗe sai gari ya waye.” Rana ta faɗi, ƙane ya rufe. Ashe ɗan maraƙi bai dawo daga kiwo ba. Kura ta cinye shi. Falke ya dawo ya kori ƙaninsa daga gida, 'yan gari na yi masa dariya.

Na miƙe ina huci. “Kaka, ai abin da aka ce masa ya yi!”

Ta ce, “Zauna, 'yar nan, kada zanenki ya kama wuta. Shi ba shi da ido ne?”

“Shi kuma yayan ba shi da baki?”

Dariya kawai ta yi, ni kuwa na kwana da haushi.

Na girma na koyi rubuta manhajar kwamfuta a Daura. Ita kwamfuta ba ta cika maka zancen da ka bari a ciki. In ka manta ka ce mata ta duba ko kowa ya shigo, rufewa za ta yi, kuma ba wanda za ka kora. Dole ka koma ka nemo inda maganarka ta yi giɓi. Tun daga nan, ko aike zan yi sai na tambayi kaina: in ba a samu ba fa?

Bara yayana Sani ya tura direbansa garin Kongolam da lodin gero, ya ce, “Ka sauke wa Alhaji.” Alhazai biyu yake hulɗa da su a can. Direba ya sauke wa wanda aka saba, ashe ɗayan Yaya yake nufi. Yaya ya sallami direban, magidanci mai 'ya'ya.

Na ce, “Yaya, wane Alhaji ka ce masa?”

Ya ce, “Kwamfutar nan ta koya miki rashin kunya.”

Ba rashin kunya ta koya mini ba. Ta hana ni ɗora wa na ƙasa laifin bakina ne. Direban dai har yau acaɓa yake yi a hanyar Mai'adua, Yaya kuma bai taɓa amsa tambayata ba.