Yatsan Inna a Jikin Gilashi

Ni ban san fuskar ubana ba. Ya rasu ban daɗe da yaye ba, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. Abin da na sani kawai, lebura ne a barikin sojan sama, cikin masu tura tsani da tokare tayar jirgi da katako. Bayan rasuwarsa Inna ta dawo da ni Suleja wajen danginta. Na girma na zama mai faci a bakin titin Diko. Shi tayar jirgi, ni tayar tirela, iyakar gadon ke nan.

Inna ba ta taɓa ba ni labarinsa ba. Ni ne ɗan fari, ko sunana ba ta faɗa, "kai" take ce min, balle ta zauna ta siffanta min mijinta. Ina yaro in na tambaya, sai ta aike ni ɗebo ruwa.

Bara idonta ya fara mutuwa. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ke tafiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu ya riga ya rufe. Na dama saura kaɗan, kamar mai leƙe ta kafar makulli.

Ana cikin haka wani tsohon soja ya tsaya faci wurina. Hira ta kai mu barikin. Ya ce ai akwai wani ɗaki a can da aka tara tsofaffin kaya don tarihi, har da hoton leburorin wancan zamani a gaban jirgi. Na ajiye guduma. Duk duniya mutum ɗaya ce za ta iya nuna min shi a hoton nan, ga shi idonta na ƙarewa.

Na faɗa mata. Ta ce, "Kai, ka rasa aikin yi ne?" Na yi naci har na gaji. Washegari da safe na tarar da ita zaune a bakin ƙofa, ta ɗaura zanen da take zuwa biki da shi.

Tafiyar ta wahalar da ita, ta yi ta amai a mota. A ƙofar bariki aka karɓe wayata, ba a ɗaukar hoto a ciki. Na roƙi sojan, na ce hoto ɗaya ne, na ubana. Ya ce, "Baba, ba ni na yi dokar ba." Ke nan babu abin da za mu fita da shi sai abin da ido ya ɗauka.

Ɗakin ƙarami ne, yana warin fenti. Akwai farfelar jirgi jingine da bango, da kujerar matuƙi, da wasu huluna. A waje an girke wani tsohon jirgi, tayoyinsa duk sun sace, abin da na fara lura da shi ke nan. Mai kula da wurin shi ma tsohon soja ne, mutumin Kudu, da Hausarsa ta bariki. Da na yi masa bayani ya washe baki ya ce, "Mama, sannu da zuwa! Kin zo ganin saurayi naki?" Inna ta ƙara jan mayafi.

Ya kai mu gaban hoton. Baƙi da fari ne, a cikin gilashi. Manya na zaune a kujera, an rubuta sunayensu a ƙasa. Leburori na tsaye a baya, kawunansu ba su fi ƙwayar gyaɗa ba, kuma babu mai suna a cikinsu.

Na ce, "Inna, ga shi nan. Duba."

Ta juya fuska wajen farfela. "Na gani."

"Ba ki duba ba!"

"Kai, mu tafi gida."

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. Na ce, "Inna, don girman Allah, don Annabi, yatsa kawai za ki ɗora. In idon nan ya rufe wa zan tambaya?" Ina da furfura a gemu, ina kuka a gaban baƙo. Ita ko ta ƙi juyowa.

Tsohon ya kamo rigata. "Kai, ba ka da hankali? Mama ba za ta kalli miji nata a gaban ɗa nata ba. Zo waje." Gaskiyarsa. Ni da na girma a hannunta ya kamata in sani.

Muka fita muka tsaya ƙarƙashin fiffiken jirgin. Ƙofa a buɗe take, da na matsa kaɗan zan hango ta. Na kasa. Kunyar da ta hana ta ita ta riƙe ni. Ta daɗe a ciki. Da ta fito tana laluben bango, na tare ta.

"Wanne ne?"

"Yana nan."

"Wanne, Inna?"

"Na ce yana nan. Allah ya jiƙansa."

Na koma ciki da gudu. Inna ba ta rabuwa da shafa basilin a hannu, sai ga shatin yatsanta a jikin gilashin, a layin baya. Amma tsakanin mutum biyu ya faɗa. Ɗaya dogo mai manyan kunnuwa, ɗaya gajere yana dariya. Tsohon ya zo da tsummansa zai goge gilashin, na riƙe masa hannu. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake duba na. Ya ce, "Kunne naka na dogon ne. Amma goshin nan..." Na tsaya ina cusa fuskokin biyu a kaina har aka ce lokacin rufewa ya yi.

A mota na sake tambaya, ta yi kamar tana barci. Kafin azumi idon daman ya rufe gaba ɗaya. Ban ma sani ba ko ta gan shi ranar, ko dai ta ɗora yatsa ne inda zuciyarta ta ba ta.

Kwanan baya na kai mata koko da safe, na zauna kusa da ita, na sassauta murya.

"Inna, dogon ne ko gajeren?"

Ta ce, "Kai, miƙo min buta."