Namijin Dabinon Ranuna

Bayan gidanmu a unguwar Ranuna, nan ƙasa mai tsarki, akwai lambun dabino, wakafin wata tsohuwa da ban riske ta ba. Ni ban yi karatu ba, amma sau uku na sa aka karanta mini takardar, har ta zauna mini a ka: ba a sayarwa, ba a gini, inuwa ta kowa ce, 'ya'ya na mabuƙata ne, muddin dabinon yana haihuwa. Wannan "muddin" ita ta hana ni sukuni. Ranar da lambun ya daina haihuwa, nazir, wato jikanta mai kula da wakafin, yana iya zuwa gaban alƙali ya nemi a musanya shi da bene.

Shekarar da mai ban-ruwa, wani Basudane, ya koma ƙasarsu, sai na ga nazir ya zo da mutane suna auna katanga. Daga nan na kasa zama. In ɗora tukunya, in leƙa taga. In ɗauki carbi, in ajiye, in fita in zaga lambun in dawo.

A samanmu akwai wani likita Bakano, mutumin kirki, sai dai gaggawa. Ya ce kada in damu, shi zai gyara wurin, nazir ya ga ana kula. Na ce to, ban tambaye shi wane irin gyara ba. Laifina ke nan.

Wata safiya a ƙarshen sanyi na ji ƙarar zarto. Ko takalmi ban tsaya nema ba. Na tarar ya shafa jan fenti a bishiya biyu, ɗaya har ta kwanta, mai zarto ya nufi ta biyun. Likita ya tarye ni da fara'a, wai shekara uku yana lura, waɗannan ba su taɓa yin ko ƙwaya ɗaya ba, ruwa kawai suke sha.

Na ce, "Likita, kai ka taɓa haihuwa?"

Ya ce, "Hajiya, 'ya'yana huɗu."

"Kai ka ɗauki cikin? Maza ne waɗannan. Ka sare na biyun, khalas, shi ke nan, ka sare lambun duka."

Ya cire tabarau, ya mayar. Na jingina bayana da bishiyar har mai zarto ya naɗe kayansa.

Saura wanda zai hau bishiyoyin ya yi musu barbara. Furen namiji ba ya jiran kowa, kuma da hannu ake tsinko shi a cusa cikin furen kowace mace a ɗaure. Kwana biyu ina bin gidajen 'yan'uwa daga unguwar Sih zuwa ta Khalidiyya, kafin aka nuna mini wani direba, dattijo ɗan Nijar, wanda ya tashi cikin dabino. Ya ce gwiwarsa ta tsufa. Na ce tawa ta fi, kuma da ita na zo. Ya yi dariya ya nemo igiya. Likita ne ya riƙa miƙa masa furen, kansa ƙasa.

Da zafi ya kama, dabino ya nuna. Na cika faranti na kai wa nazir har mota. Ya ci uku, ya ce masha Allah, ya ja gilashi. Na hango abin awon nan a kujerar baya.

Namijin da ya rage ya ɗan karkata gabas, jan fentin bai goge ba. Na sa an cire ɗansa da ya tsiro a gindinsa an dasa kusa da rijiya. Kullum bayan walaha sai na je na duba ko ya yi sabon ganye.