Ranar da Baba Ya Tsuguna a Gaban Murhu

Duk ranar Alhamis da yamma, gidanmu da ke hawa na tara a unguwar Pantai Dalam, nan ƙasar mutanen Malay, yakan cika da ƙamshin citta da kanumfari, har maƙwabciyata 'yar Malay ta daina jiran in kira ta, da kofinta a hannu take ƙwanƙwasa ƙofa. Zoɓo nake dafawa. Ban kuwa taɓa ɗora tukunyar nan ba tare da na tuna wani birni da ƙafata ba ta taɓa takawa ba, wato Kingston ta ƙasar Jamaika. Na san za ka ce me ya haɗa kifi da kaska. Ka yi haƙuri ka ji.

A Gumel na tashi, a gidan Kakata wadda ta haifi Baba. Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar garin a wancan lokacin ya san ta, ita ce mai zoɓo. Idan damina ta ɗauke, manoma suka fara kawo busasshen zoɓo daga wajen Maigatari, sai tsakar gidanmu ta koma ja. Ta shanya a tabarma, ta bushe yashin, ta tsince ƙaiƙayi ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yarda da farin sukari ba, mazarƙwaila take sawa, tana cewa sukari zaƙi kawai gare shi, ba shi da hali. Tafin hannunta kullum jawur, ko lalle ba ya kama shi. Da bazara ko da azumi kuwa direbobi har layi suke yi. Da wannan tukunya ta riƙe Baba a makaranta bayan rasuwar mijinta, tun daga allo da alli har ya zama malamin lissafi a sakandaren garin.

Baba mutum ne mai son tsari, ga kaya sun sha guga ga biro uku a aljihun gaba. Da aka ba shi mataimakin shugaban makaranta sai ya ji labarin ɗalibai suna kiransa ɗan mai zoɓo a bayan idonsa. Wata rana bayan la'asar ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ina gefe ina jinsu.

"Inna, ki huta haka nan. Albashina ya ishe mu. Zaman tashar nan yana zubar mini da girma a gaban yara."

Shi ne ɗanta na fari, ba ta kama sunansa, ba ta ma kallonsa ido da ido, balle ta tsaya musu da shi. Washegari ta wanke tukunyar tas, ta kife ta a bayan rumbu, ta ɗora mata dutse. Daga ranar tsakaninta da shi sai "lafiya lau". Tsohuwar da take tashi kafin zakara ta koma zaman bakin ƙofa tana korar kaji, jan hannunta yana dusashewa a hankali. Ina ƙarama, amma na ji haushin Baba ƙwarai, ban dai isa in faɗa ba.

Ana cikin haka sunansa ya fito a wani shirin gwamnati na tura malamai ƙasashen baƙar fata, aka ce shekara biyu zai yi a Kingston. Ranar tafiyarsa "Allah ya tsare" kawai ya samu daga bakinta.

Ni ce mai karanta mata wasiƙunsa, don a lokacin na iya haɗa baƙi. Sai ta jawo farantin wake tana tsincewa kamar ba da ita ake ba, alhali kunnenta yana wajena. A wasiƙun nan na fara sanin birnin. Baba ya ce gabansa teku ne mai faɗi inda manyan jirage suke tsayawa a yi musu lodi, bayansa kuma duwatsu masu hazo inda ake noman gahawa. Ya ce asalin garin da ke bakin ruwan girgizar ƙasa ce ta nutsar da shi, waɗanda suka tsira suka tsallako suka kafa wannan. Ya ce mutanen baƙaƙe ne kamar mu, jikokin waɗanda aka kwashe daga ƙasashenmu aka kai su noman rake, suka sha wuyar da baki ba zai iya faɗa ba, daga baya suka karɓi ƙasar ta zama tasu. Kiɗa kuwa, in ji shi, a kan titi suke jera lasifiku kamar bango, har ƙirjinka yana amsawa. Da na karanto cewa suna da goro, har kankare shi suke yi su sha a matsayin magani, sai Kaka ta ɗago.

"Goro? To ai 'yan gida ne."

Ta koma kan wakenta.

Wasiƙar da ta zo bayan Kirsimetinsa na farko ta fi sauran kauri. Shugabar makarantar da yake koyarwa ta gayyace shi cin abinci gidanta. Aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, aka fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai ranar biki, aka zuba masa wani jan abin sha. Su sukan haɗa nasu da giya, amma ta ware masa tulunsa daban saboda ta san Musulmi ne. Yana kurɓa ya ji citta, ya ji tsamin nan da ya sani tun yana goye. Zoɓo ne. A can shi ne abin shan alfarma na ƙarshen shekara, gidan da babu shi kamar bai yi biki ba.

Mahaifiyar shugabar tana wurin, tsohuwa tukuf. Ita ma 'yar kasuwa ce, irin matan da suke saukowa daga duwatsu a bayan babbar mota da doya da ayaba da ɗanyen zoɓo, su ciyar da birnin gaba ɗaya. 'Yar tata ta kama hannunta ta nuna wa baƙi, ta ce duk takardun da suke gani a bango daga kwandon wannan matar suka fito. Tsohuwar ta ce wa Baba ta ji daga manya cewa irin zoɓon nan tare da kakanninsu ya ƙetaro teku. Da ya ce mata ai mahaifiyarsa ma sana'arta ke nan, sai ta matso da kujerarta, ta ce ya koya mata yadda ake yi a tushe.

Baba bai sani ba. Shekara talatin da wani abu yana ci yana sha daga tukunyar nan, bai taɓa leƙa cikinta ba. Ya rubuta cewa bai taɓa jin kunya irin ta ranar ba. A ƙasan takardar ya roƙi Kaka ta faɗa mini yadda take haɗawa in rubuto masa.

Da na gama karantawa ta ture farantin wake, ta ce, "Rubuta wa ubanki, tukunya a kife take. Zoɓo kuma ba a koyonsa a takarda. Mai so ya zo ya tsuguna."

Haka na rubuta, ko wasali ban rage ba, har da ɗan jin daɗina.

Da ya dawo, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Bai bari an watse ba. Ya tuɓe babbar riga, ya zagaya bayan rumbu, ya ɗauke dutsen, ya kinkimo tukunyar a gaban kowa. Shi ya wanke ta, shi ya hura wuta yana ta tari, matan unguwa suna rufe baki da mayafi. Sannan ya tsuguna a gaban murhun ya ce, "Inna, ga ni."

Kaka ta fito a hankali. Ba ta kalle shi ba, tukunyar ta kalla.

"'Yar nan, gaya masa ruwan ya yi yawa."

Ranar na ga hannun Baba ya yi ja har wuyan hannu. Da safe shi ya ɗaukar mata kula zuwa tasha, ɗalibansa suna kallo, ya tsaya ya gaisa da direbobi sannan ya wuce makaranta. Ta ƙara shekara bakwai tana sana'arta kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma har ta rasu ban ji ɗayansu ya sake tayar da maganar ba.

Yanzu duniya ta canza. Zoɓon da ake rainawa a tasha, da manyan motoci ake kwasarsa daga Jigawa zuwa ƙasashen waje. Ni kuma ga ni nan ina digiri na uku, duk Juma'a ina kai wa ɗalibai 'yan ƙasarmu nawa zoɓon a robobi. Kwanaki 'yata, wadda a nan ta yi wayo, ta ga ina shirin shiga jirgin ƙasa da kula, sai ta ɓata fuska.

"Mami, malu lah. Kin kusa zama Dakta fa, kuma dubi hannunki."

Malu a bakin mutanen nan kunya ke nan. Ban yi mata faɗa ba, don na san inda ta gado shi. Na kira Baba a waya na miƙa mata. Ya tsufa yanzu, muryarsa tana rawa, amma na ji abin da ya ce mata.

"Ranar Alhamis ki je ki tsuguna kusa da uwarki. Ni sai da na je har Kingston."