Saƙon da Ban Kai Droum Ba

A tele, wato talabijin, na gan shi, muna zaune a shagon wani tela a Birni: tsoho tukuf a keken guragu, ya rufe fuska da takarda, ana yi masa shari'a a ƙasar Jamus. Mai gadi ne a sansanin da aka hallaka Yahudawa lokacin yaƙin duniya. Ya ce shi ƙofa kawai ya tsare. Tela ya yi tsaki, ya kira ni yadda ake kiran malaman boko a nan, ya ce, "Mushe, ka ji ɗan banza! Ba da ƙofar aka kashe su ba?" Na fi kowa zaginsa, don bakina bai taɓa rasa abin faɗa ba. Sai da na kama hanyar gida na tuna da mahaifina.

Mahaifina gardi ne a zamanin Nasara, cikin masu tsaron mutanen da aka kwaso aikin tilas. Shi ma abin da yakan ce ke nan, tsaro kawai ya yi. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, sai ya shiga neman gafarar jama'a kamar yadda aka saba. Ya kira ni ya ce, "Akwai wani tsoho a Droum. Ƙanensa ya faɗi wajen fasa dutse, yana roƙon ruwa, na hana a ba shi, ya mutu. Je ka ce ina roƙon ya yafe mini."

Lokacin ina sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, ina ji da kaina. Ni in durƙusa gaban baƙauye in ce ubana ya kashe mutum? Na wuni a tasha, na dawo da la'asar na ce, "Baba, ya ce ya yafe duniya da lahira." Ya yi hamdala har da hawaye. Bayan kwana uku ya rasu.

Tsohon nan na Jamus ko ba komai an tsayar da shi gaban masu haƙƙi. Mahaifina da bakinsa ya nemi haka, ni na tare ƙofa.

Bayan shari'ar nan na je Droum. Tsohon da aka aike ni wurinsa ya daɗe da rasuwa. Ɗansa, dattijo kamata, ya shimfiɗa mini tabarma, ya kawo ruwa mai sanyi a ƙwarya, na sha. Ya ce, "Baƙo, lafiya dai?"

Na dubi ƙwaryar, na tuna ruwan da mahaifina ya hana ƙanen ubansa. Na ce masa wucewa nake yi.