Sun Riƙe Ƙwallon, Sun Yar da Kwanon

Shekara goma ke nan da rasuwar Alhaji Isiyaka, mutumin Kumasi, a nan Guangzhou ta ƙasar Sin. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa. A sitonsa na fara aiki kafin in tsaya da ƙafata. Shi ya koya mini lodin kwantena, shi ya fara kai ni tashar jiragen ruwa ta Nansha. Ni Bakano ne, shi ɗan zango ne daga Ghana, amma ban yi wani na kusa kamarsa a ƙasar nan ba. Karatuna bai yi nisa ba, kuma rubutu a jarida ba sana'ata ba ce. Ɓacin rai ne ya sa ni rubutun bana. Abin da ya bar mana don ya haɗa kan Kanawa da 'yan zango a garin nan yana lalacewa a idona, kuma zan faɗi yadda aka yi daki-daki, don ba na son magana a hargitse.

Farkon abin shi ne wasan mahaifinsa. Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, 'yan ƙwallo suka taso daga Ikko a jirgin ruwa, suka je Ankara don su kara da 'yan ƙasar da a lokacin ake kira Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Mahaifin Alhaji, Baba Tanko, yana saurayi a zangon Ankara, unguwar Hausawa, yana buga baya ba takalmi, kuma yana cikin waɗanda aka zaɓa. Ba a tanadar wa baƙin masauki ba, sai aka rarraba su a gidajen 'yan wasan gari. Wanda ya yi rabon kuwa, kowa sai ya haɗa shi da mutumin da zai tsare a fili. Baba Tanko ya samu ɗan gaban Ikko, wani dogon Banufe mai jin Hausa. Duk kwanakin da aka yi kafin wasa, tabarmarsu ɗaya, butarsu ɗaya, kwanonsu ɗaya.

Ranar wasa Banufen ya taho da ƙwallo a guje, Baba Tanko ya tare shi, suka yi karo, baƙon ya faɗi a kan kafaɗa ya kasa tashi. Alƙalin wasa bai hura usur ba. Baba Tanko ya bar ƙwallon yana gangarawa, ya durƙusa yana tallafar mutumin, wani ɗan Ikko ya biyo baya ya zuba a raga. Mutanen gari suka zage shi tas, aka daɗe ana yi masa gori a kasuwa. Amsarsa ɗaya ce: ba zai tsallake mutumin da ya ci abinci a ɗakinsa yana kwance a ƙasa ba. Haka Alhaji ya ba mu labarin, ba sau ɗaya ba. In aka tambaye shi nawa da nawa aka tashi, sai ya ce tsoho bai taɓa faɗa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba.

Abu na biyu shi ne abin da Alhaji ya yi da wannan labari. Lokacin da ya zo garin nan, tsakaninmu da 'yan zango ba daɗi. A kasuwar jakunkuna ta Shiling ana ƙwace wa juna masu saye. A sito ana rigima kan wurin kaya a kwantena. Ranar Juma'a a yi sahu ɗaya, ana sallamewa kowa ya bi nasa. Sai ya kafa wasa, Nijeriya da Ghana, kowace shekara washegarin Babbar Sallah, a wani filin haya a Panyu. Ya kuma kafa masa tsari. A taru tukuna. Shi da kansa ya haɗa kowa da wanda zai tsare. A wanke hannu. A zauna bibbiyu a kan kwano ɗaya. A yi sallah. A huta. Sannan a taka fili. Wata shekara tuwo da miyar kuka, wata shekara shinkafa da wake irin tasu da yajinsu baƙi mai ƙona harshe. Wanda bai sa hannu a kwano ba, ko shi ne gwanin gari, ba ya bugawa.

Ni da Sule aka haɗa, mutumin Ankara, mai fitar da takalma. Ban san shi ba sai a fuska, kuma fuskar ma ba ta yi mini ba. Muna zama ya tura mini naman gabansa.

“Ci ka ƙoshi, Bakano, yau za ka yi gudun da ba ka taɓa yi ba.”

“Wa zai bi ka?” na ce. “Wannan yajin naku shi zai kayar da kai kafin in iso.”

Ya wuce ni a fili yadda ya ga dama, ba zan ɓoye ba. Amma tun daga ranar, in kayana suka maƙale a Nansha shi nake fara kira, in nasa suka maƙale ni yake fara kira. Da gwiwata ta ƙi, Alhaji ya miƙa mini usur ya ce ni ne alƙali, tunda a cewarsa ko layin shiga jirgin ƙasa na gani ba daidai ba sai na gyara shi.

Wasu sun ɗauki abin a matsayin rigimar tsoho. Amfaninsa bai fito fili ba sai da wahala ta fara zuwa. Wanda bizarsa ta ƙare, wanda aka kwantar a asibiti ba mai jinya, wanda matarsa ta haihu a gida yana nan ba halin tafiya, duk za ka tarar abokin kwanonsa ne a tsaye a kansa. Ranar da Alhaji ya cika ba shi da ɗan'uwa ko ɗaya a ƙasar Sin. Duk wanda ya zauna a nan ya san suturta baƙo ba ƙaramin aiki ba ne: ga takardu, ga jira, ga neman mai fassara. Ba wanda aka roƙa. Masu wanka rabi Kanawa rabi 'yan zango. Masu bin takardu haka. A maƙabarta har wani laoban, wato ubangida ɗan Sin, mai masana'antar jaka da suka daɗe suna hulɗa, ya zo ya tsaya daga gefe ya sunkuyar da kai. A ranar na ɗauka abin ya kafu ke nan.

Abu na uku shi ne yadda ya rushe, kuma a hankali ya rushe. Da farko samari suka ce cin abinci kafin wasa yana sa nauyin jiki, a mayar da shi bayan an tashi. Aka mayar. Sai ya zama waɗanda suka yi nasara ne ke zama su ci, waɗanda aka cinye su kama hanyar jirgi cikin fushi. Daga nan aka fara ɗauko 'yan wasan haya, ɗalibai daga wasu ƙasashe waɗanda ko gaisuwar Hausa ba su iya ba. Aka buga riguna masu sheƙi, har da hoton Alhaji a ƙirji. Da na ba sababbin zuwa labarin Baba Tanko, wani ya duba wayarsa ya ce, “Baba, wannan fa ba ya intanet.” A wurinsa maganar ta ƙare ke nan. Kowace shekara ina magana, kowace shekara ana ce mini to.

Bara abin ya kai inda nake tsoro. Nazifi, kyaftin ɗin Kanawa, yaro mai ƙoƙari a harkar wayoyi, ya shiga ƙafar Rashid, kyaftin ɗin 'yan zango. Na ji ƙarar ƙashin daga inda nake. Kafin in kai usur baki Nazifi ya tsallake shi ya bi ƙwallo. Na kore shi daga fili, amma aikin gama ya gama. Aka yi dambe, aka yi ta yawo da bidiyon a waya ana sa masa kiɗa. Bayan 'yan watanni wani saurayi ɗan zango ya rasu a asibiti, zazzaɓi ne na kwana kaɗan. Aka sanar a ko'ina. Kanawan da suka zo jana'iza ba su cika ƙaramar mota ba, kuma dukkanmu masu furfura ne. Bayan an idar Sule ya matso kusa da ni ya ce, “Rabi'u, ina mutanenka?”

Saboda haka bana, da yake shekara goma ce, na kira Nazifi da Rashid tun kafin Sallah, kowa daban tunda ba sa zama wuri ɗaya. Na ce sharaɗina guda: a ci abinci kafin wasa yadda Alhaji ya kafa, in ba haka ba ba zan hura usur ba. Duka biyun suka ce an gama, in bar musu zancen abincin. Na ji daɗi. Na je wurin wata mai gidan abinci na aro manyan kwanuka, na ɗauki butoci, ni da Sule muka sha jirgi har Panyu da kaya niƙi-niƙi.

Muna isa na ga baburan masu kai abinci suna fita daga ƙofar filin. Kanawa suna zaune a gindin raga ɗaya, 'yan zango a gindin ɗayar, faɗin fili a tsakaninsu. Kowa da 'yar robarsa da ya yi oda ta waya, cokalin roba a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Nazifi ya taso da fara'arsa ya karɓi buta daga hannuna.

“Sannu da zuwa, Baba. Ga shi mun cika alkawari, kowa ya ci kafin wasa. Har hoto mun ɗauka.”

Na dube shi ko ba'a yake yi. Ba ba'a ba ce. Da gaske yake, yana jiran in yaba masa. Wannan ya fi ci mini rai fiye da a ce gardama ya yi. Mai gardama ya san abin da yake ƙi. Waɗannan sun ɗauka Alhaji yunwa yake tsoron su ji.

Na ajiye kwanukan a tsakiyar fili na ce a juye abin da ya rage, kowa ya zo in haɗa shi da abokin karawarsa, kyaftin da kyaftin su fara. Rashid ya taho yana ɗingishi, don har yau ƙafar ba ta koma daidai ba.

“Baba, ka yi haƙuri. Ni da wannan? Ko leƙo ni bai yi a asibiti ba.”

“Wasa ne fa,” in ji Nazifi. “Kai ma da ka samu tawa ai da ka shiga.”

“Ka ji ko, Baba?”

Muna cikin haka mai gadin filin ya iso yana nuna agogonsa yana cewa “meyo, meyo,” wato babu lokaci, wasu na jiran fili bayanmu. Samari suka fara kiran a hura a hura. Na mayar da usur aljihu. Na ɗauka za su tsaya. Ba su tsaya ba. Suka ari na mai gadi, suka ba ɗaya daga cikin ɗaliban haya, aka take wasa. Ni da Sule muka kwashe kwanukanmu daga tsakiyar fili don kada a taka, muka fita bayan wayar da ta kewaye filin muka zauna.

Tun ranar nake tambayar kaina abin da Alhaji zai ce da yana nan. Na san dai ba zai yi yadda na yi ba. Ni tsari na iya, shi mutane ya iya. Ba zai jira ranar wasa ba. Tun bara zai je shagon Nazifi, ya zauna ya sha shayinsa, ya yi masa ba'a har ya yi dariya, sannan ya kama hannunsa su hau jirgi zuwa asibiti. Amma ina jin shi ma da ya sha mamaki. Ya yi fama da mutanen da ke faɗa da juna, kuma masu faɗa aƙalla sun san juna. Bai taɓa fama da mutanen da ke ganin ba sa bukatar kowa ba, tunda abinci da mota da mai fassara duk suna cikin waya. Wayar ba ta wanka, ba ta ɗaukar makara. Wannan ne ban iya sa su gane ba, kuma na gaji da faɗa.

In na auna abin da ya rage na Alhaji Isiyaka, wasan yana nan, kuma zai daɗe, don samari suna son ƙwallo. Sunansa yana nan a riga. Abin da ya fi waɗannan daraja kuwa yana jikin mutanen da suka zauna a kan kwanonsa ne kawai. Ban san biyu daga cikinmu da suka ɓata har yau ba. Sai dai muna ƙarewa. Wasu sun koma gida, wasu sun bi kasuwa zuwa wasu garuruwa, wasu sun bi Alhaji. Iyayen da ke turo 'ya'yansu nan daga Kano da Kumasi, ina roƙonku, in kun kira su kada ku tsaya a tambayar ciniki. Ku tambaye su wa zai tsaya a kansu in sun kwanta. Allah ya gafarta wa Alhaji da mahaifinsa, ya saka musu da abin da suka yi niyya.

A bayan wayar filin nan Sule ya gaya mini ya fara haɗa kayansa, kafin wata Sallar zai koma Ankara gaba ɗaya, jiki ya ƙi. Na bi yaran da kallo suna gudu. Can na ce masa, to in ya tafi, ajalina ya same ni a garin nan, wa zai wanke ni?

“Sai ka yi sauri ka mutu kafin in tafi, Bakano,” in ji shi. “Kullum kai ne mai son a yi abu a kan lokaci.”

Muka yi dariya har mai gadi ya waiwayo. Amma bai ba ni sunan kowa ba, ni ma har yau ban samo ba.