Ya Fanna, Wadda Ta Tsince Ni

Ina shanyar tattasai a tsakar gida, a nan Difa, Bukar ɗan Ya Fanna ya kira daga Shatimari ya ce mahaifiyarsa ta cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe zaune a kan tabarmar ban iya tashi ba.

Sunana Ayashe, kuma duk inda na faɗe shi sai an sake tambayata. Daga bakin Ya Fanna na san mafarinsa. Kafin a haife ni, innata ta binne ƴaƴa huɗu a ƙauyenmu na bakin Komadugu. Da na zo, tsofaffi suka ce a yashe ni, wato a yi kamar ba a so na, ko mutuwa ta kau da kai. Aka kwantar da ni a gefen gonar tattasai, kowa ya juya baya. Ya Fanna, maƙwabciyarmu Babarbariya, ita ta zo ta ɗauke ni. Har na girma takan tsokane ni da Hausarta mai gardi: "Ke tsintuwata ce, kawo mini ruwa." In na yi fushi da sunan sai ta ce, "Sunan da ya raya ki ba a jin kunyarsa."

Da rikici ya kore mu daga bakin kogi, muka bar gonaki da kaburburan iyayenmu, ni ma na rasa ƴaƴa biyu a jere. Da na haifi ta uku, tsoro ya hana ni ko kallon fuskarta sosai. Na aika wa Ya Fanna ta zo mu yi yadda aka yi mini. Ta zo da sandarta, tana tari, ta karɓi jaririyar ta ƙi ajiyewa.

"Ƴata, abin da muka yasar ya isa," in ji ta. "Wannan ki sa mata sunana. In mutuwa ta zo neman Fanna, ta fara da ni."

Na san ajali na Allah ne. Amma yau ƙaramar Fanna tana gudu a tsakar gida, ni kuwa na kasa daina kuka.

Allah Ya jiƙan Ya Fanna, Ya yafe mata, Ya haskaka makwancinta. Allah Ya ba Bukar da ƙannensa haƙuri, Ya raya mana takwararta. Amin.